Waiwaye: masaƙun Arewa sun fara ciwo tun daga gonar auduga

Duk lokacin da aka tada zancen farfaɗo da masaƙu sai ka ji kowa ya kama atamfar Sin, wai ita ta kashe Kakuri da Sharaɗa da Bompai, unguwannin masana'antu na Kaduna da Kano. E, ta taka rawa kam, amma sanda ta cika Kantin Kwari ai maras lafiya ta tarar a kwance.

Farkon labarin kowa ya sani. An buɗe babbar masaƙa a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kano da Funtuwa da Gusau, har ta kai in aka tashi daga aiki a Kakuri kekuna sai sun toshe titi. Sai SAP, wato shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, ta zo a 1986, aka saki naira, kuɗin sifiya da rini da ake sayowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ga wutar lantarki ba tabbas.

To amma a wannan shekarar dai ta 1986 an yi wani abu da ba a cika tuna shi ba, wato soke hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, aka ce kasuwa ta yi halinta. Manoma da yawa sun yi murna, kuma ban ga laifinsu ba don farashin da ake yanka musu a da bai taka kara ya karya ba. Sai dai tsarin nan ba sayen auduga kaɗai yake yi ba, ta hanyarsa ne ake raba angurya mai kyau, irin da masana suka fitar a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, kowane yanki da irin da ya dace da shi, kuma a kasuwar auduga akwai mai duba kaya ya ba su daraja kafin a ɗora a sikeli, in ka kawo mai datti kai ma ka san kuɗinka ya ragu.

Da aka janye wannan ba a kafa komai a gurbinsa ba. Mai saye ya biyo manomi har ƙauye da sikelinsa, nauyi kawai yake nema, shi kenan aka shiga yayyafa wa auduga ruwa, wani ya zuba yashi, wani har da tsakuwa, sannan a ɗura a buhun leda wanda zarensa ke shiga cikin audugar kuma ba ya kama rini, sai an saƙa yadi an rina a ga layi fari ya fito. Iri kuwa ya cakuɗe a wajen gurza, manomi ya shuka abin da ya samu, gona ta rage bayarwa, da yawa suka koma masara da waken suya. Ni a ganina nan ne aka yi ɓarin da bai kwasu ba.

Sauran ya zo da sauri. Najeriya ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 1995, a farkon 2005 aka cire ƙayyade yawan yadin da ƙasashe ke sayar wa juna, kayan fasa-ƙwauri kuma dama suna ta kwararowa ta Kwatano su bi ta Maraɗi su faɗo Kano. Masaƙar da ke fama da jiƙaƙƙiyar auduga da kuɗin baƙin mai ta ina za ta ja da su? Kafin 2010 yawancin na Kakuri an sa musu kwaɗo.