Yadda dokar Meksiko ke ƙirga talaka: ba a aljihu kaɗai ake duba ba

A ɗauki gidaje biyu, kuɗin da ke shigo wa kowannensu a wata ɗaya ne, ba wanda ya fi wani ko da sisi. Gida na farko akwai famfo a tsakar gida, daɓensa siminti ne, yara na zuwa makaranta, in ciwo ya tashi akwai asibitin da zai karɓe su. Na biyu kuwa daɓen ƙasa ne, mutum shida ɗaki biyu, uwar gida na girki da itace a cikin ɗaki hayaƙi ba inda zai fita, babban yaro ya bar karatu. In da kuɗi kaɗai za a auna, gidajen nan matsayinsu ɗaya. Amma duk wanda ya kwana ɗaya a kowannensu ya san ba haka ba ne.

Wannan giɓi ne ƙasar Meksiko ta nemi toshewa da doka. A watan Janairun 2004 ta fitar da Babbar Dokar Raya Al'umma, wadda ta ce ilimi da lafiya da abinci da muhalli da aiki da tsaron rayuwa (irin su fansho) haƙƙoƙi ne na ɗan ƙasa. Kalmar haƙƙi ɗin nan ita ce ƙashin bayan maganar. Abin da aka ba ka don alheri, ranar da aka hana ka sai dai ka yi shiru. Abin da yake haƙƙinka kuwa, in ba ka samu ba, akwai wanda ake bi bashi. To in gwamnati ta yarda ana bin ta bashi, dole a san nawa ne, su wa ke bin ta. Shi ya sa dokar ba ta tsaya ga lissafa haƙƙoƙi ba, sashe na 36 ya jera abubuwan da tilas a duba kafin a ce wane talaka ne. Ta kuma kafa hukuma ta musamman, CONEVAL, aka ɗora mata aikin awon, don kada mai rabon tallafi ya zama shi ne mai ba kansa maki.

Sai a ƙarshen 2009 hukumar ta fito da tsarin awon. Ma'auni biyu aka haɗa. Na farko kuɗi: shin abin da ke shigo wa mutum ya isa ya sayi abinci da sauran buƙatun yau da kullum? Na biyu rashi guda shida: koma-bayan karatu, rashin hanyar samun kulawar lafiya, rashin tsaron rayuwa irin su fansho, rashin ingancin gida da cunkoso, rashin ruwa da magudana da wutar lantarki, sai rashin wadataccen abinci.

Kowane rashi yana da iyakarsa a rubuce, ba ra'ayin mai ƙirga ba ne. Gida mai daɓen ƙasa ya faɗi. Rufin kwali ya faɗi. In aka raba mutanen gida da yawan ɗakuna aka samu fiye da mutum biyu da rabi a ɗaki, shi ma ya faɗi (rabin mutum dai sai a takardar lissafi). Girki da itace ko gawayi ba tare da bututun fitar hayaƙi ba, rashi ne.

Daga nan sai hukunci. Wanda kuɗinsa bai kai layin da aka ja na biyan buƙatun yau da kullum ba, kuma yana da rashi ko da ɗaya, talaka ne. Wanda ke da rashi uku ko fiye, kuma ko duk kuɗinsa ya zuba a abinci ba zai ci ya ƙoshi yadda ya kamata ba, yana cikin matsanancin talauci. Akwai kuma masu tsaye a bakin rami: mai kuɗi daidai gwargwado amma da rashi, da wanda ba shi da rashi amma kuɗinsa ya gaza. Ana yin awon jihohi duk shekara biyu, na ƙananan hukumomi duk shekara biyar.

A nan tsarin Meksiko ya sha bamban da ma'aunin duniya da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da wata cibiya a Jami'ar Oxford suka ƙaddamar a 2010. Shi wancan alamomi goma gare shi, kowace da nauyinta, sai rashin mutum ya kai kashi ɗaya bisa uku na jimillar nauyin kafin a kira shi talaka, kuma babu kuɗin shiga a cikinsa. Meksiko kuwa ta ba rashi shidan nauyi ɗaya, bisa hujjar cewa ba a fifita wani haƙƙi a kan wani. Samun wutar lantarki ba ya biyan bashin makarantar da yaro ya rasa.

Amfanin abin ya fito fili a alƙaluman 2022. Talauci ya sauka daga kashi 41.9 cikin ɗari a 2018 zuwa kashi 36.3, labari mai daɗi, kuma gaskiya ne. Amma a takarda ɗaya, waɗanda ba su da hanyar samun kulawar lafiya sun tashi daga kashi 16.2 zuwa kashi 39.1, wato daga mutum miliyan 20 zuwa sama da miliyan 50. A tsakanin shekarun ne aka soke tsohon shirin inshorar lafiya na marasa galihu, Seguro Popular, aka kawo wani a madadinsa. Da awon kuɗi kaɗai ake yi, da an buga ganga an tashi, ba wanda zai ga wannan ɓaraka.

Duk da haka, a ganina, tsarin yana da inda yake ɗingishi. Sharaɗin sai an haɗa ƙarancin kuɗi da rashi yana nufin iyalin da ke da rashi huɗu, amma kuɗinsu ya ɗara layi da ƙiris, ba a sa su cikin talakawa. Sunansu "masu rauni". Sa'annan tambayar lafiya ta fi karkata ga ko sunanka na cikin wani tsari, ba ko ka je ka tarar da likita da magani ba. Haka ma makaranta: ana ƙirga zuwa, ba a ƙirga ko yaron ya iya karatu. Gwamnati mai wayo tana iya rage adadi ta hanyar yi wa jama'a rajista da zuba siminti a daɓe, alhali tukunya ba ta canza ba. Simintin ba banza ba ne, yaron da ke rarrafe a kansa ya fi tsira daga tsutsar ciki. Sai dai abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ya fi jan kasafi.

Dokar ta yi ƙoƙarin ɗaure hannun gwamnati ta wani gefen: sashe na 20 ya hana kasafin walwalar jama'a na tarayya ya gaza na shekarar da ta gabata, bayan an cire hauhawar farashi.

Ita kanta CONEVAL yanzu babu ita. Gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2024 ya rushe ta tare da wasu hukumomi masu cin gashin kansu, aikin awon ya koma hannun hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INEGI, wadda dama ita ke shiga gida-gida tattara bayanan. A watan Agustan 2025 ta fitar da alƙalumanta na farko, na shekarar 2024, da rashi shidan nan yadda suke.