Ganin matuƙi da gargaɗin fasinja a karon jirage masu saukar ungulu

Karon jirage masu saukar ungulu a sararin sama haɗari ne da galibi yake aukuwa da rana tsaka, sama garau, kusa da ƙasa, a wuraren da jirage ke yawan tashi da sauka. A irin waɗannan wurare sau da yawa babu mai raba wa jirage hanya daga hasumiya, sai dai kowane matuƙi ya dogara da ƙa'idar nan ta "gani ka kauce": ya hango ɗan'uwansa da idonsa, ya ba shi wuri. Masu binciken haɗarin jirage sun daɗe suna nuna cewa wannan ƙa'ida tana da rauni, kuma raunin daga halittar idon ɗan Adam yake, ba lallai daga sakacin matuƙi ba.

Abin da ke hana gani

Wanda ya shiga helikwafta zai ga gilashi ta ko'ina, ya ɗauka babu abin da zai ɓuya. Ba haka ba ne. Ƙarafan da suka riƙe gilashi, da allon na'urori, da rufi, da ƙasan jirgin, da kan fasinjan da ke gefe, duk suna tare wani sashe na sama. Jirgin da ke sauka ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa sosai, mai tashi kuma rufinsa na iya ɓoye masa na sama. Wurin zaman matuƙi ma yana da tasiri: a samfurin AS350 dama yake zama, a EC130 kuwa hagu.

Babbar matsalar ita ce jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashinka. Muddin jiragen biyu sun miƙe kan hanyar da za ta haɗa su, kowanne zai tsaya wa ɗayan wuri guda kamar ɗigon datti, yana girma a hankali, sai a sakan na ƙarshe ya cika gilashi. Gefen ido motsi yake kamawa, abin da ya tsaya cak yana wuce shi. Idan kuwa ɗigon ya faɗo bayan ƙarfen gilashi, can zai zauna har a haɗu. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su riƙa duba sama yanki-yanki, suna kuma motsa kai, ba ido kaɗai ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga hango jirgi zuwa kauce masa ana buƙatar kimanin sakan 12.5.

Hannun fasinja a kafaɗar matuƙi

Ranar 2 ga Janairu, 2023, jirage biyu ƙirar EC130 masu yawo da 'yan buɗe ido suka yi taho-mu-gama a Gold Coast ta ƙasar Ostiraliya, ɗaya yana tashi, ɗaya yana sauka. Mutum 4 suka rasu, dukansu a jirgin da ke tashi. Bidiyon da aka ɗauka cikin mai saukar ya nuna wani fasinja a kujerar baya ya hango ɗaya jirgin, ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar matuƙi, sannan ya riƙe kujera. Nan take gilashin gaba ya tarwatse. Duk da haka matuƙin ya samu ya sauke jirginsa a kan tudun yashi.

Mutane da dama sun tambaya me ya sa matuƙin bai kauce ba. Amma taɓa kafaɗa ba ta faɗin me aka gani, ko ta wane gefe, kuma takan sa mutum ya waiwayo ciki maimakon ya duba waje. Hukumar binciken sufuri ta Ostiraliya ta fi mayar da hankali kan abin da ya gabaci wannan lokaci: eriyar rediyon jirgin da ke tashi tana da matsala, kuma matuƙan biyu ba su san ainihin inda juna suke ba. Matuƙin da aka faɗa masa inda zai duba ya fi mai lalube cikin sama saurin gani nesa ba kusa ba.

Wannan bai sa idon fasinja ya zama banza ba. Matuƙa da yawa kan roƙi fasinjoji tun kafin tashi su faɗi duk jirgin da suka gani, da ƙarfi, ta makirufon da ke kansu, bisa lissafin agogo: ƙarfe 12 gaba ke nan, ƙarfe 3 dama, ƙarfe 9 hagu, a ƙara da "sama" ko "ƙasa".

Wasu haɗurran

A 2007 jirage masu saukar ungulu biyu na gidajen talabijin sun yi karo a birnin Phoenix na Amurka suna ɗaukar 'yan sanda na bin wata mota, mutum 4 suka mutu. A Agustan 2009 helikwaftan yawon buɗe ido da ƙaramin jirgi sun haɗu a saman Kogin Hudson a New York, aka rasa rai 9, abin da ya sa aka sauya dokokin bin wannan hanya. A Maris ɗin 2015 kuma mutum 10 suka hallaka a karon jirage masu saukar ungulu biyu a Ajantina yayin ɗaukar wani shirin talabijin na Faransa.

Akwai na'urori irin su TCAS da ADS-B masu sanar da matuƙi jirgin da ke kusa. Sai dai ana kashe umarnin kaucewa da TCAS ke ba matuƙi idan jirgi yana ƙasa da ƙafa 1,000 ko kusa da haka, wato daidai tsayin da jirage masu saukar ungulu suka fi yin aikinsu.