Mastositoma: Tabon da Ke Kumbura a Fatar Jarirai

Mastositoma wani tabo ne mai ɗan tudu da ke fitowa a fatar jarirai idan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, da ake kira ƙwayoyin mast, suka taru da yawa a wuri guda. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani yaro, kuma galibi yakan baje da kansa kafin balaga. A Larabcin asibitocin Sudan sunansa waram al-khalaya al-badina. A gidajen Hausawan Mai Wurno, Gadarif da Madani kuwa, abu ne mai sauƙi a ɗauke shi tawadar Allah, ko wahma kamar yadda maƙwabta ke cewa, ko cizon ƙwaro da ya ƙi warkewa.

Asali

Ƙwayoyin mast suna zaune a fata, hanji da hanyoyin numfashi, cike da ƙananan ƙunshi na sinadarai irin su histamin da hefarin. Histamin shi ne mai jawo ƙaiƙayi da kumburin borin jini. Bajamushe Paul Ehrlich ne ya fara bayyana su a 1878. Ya zaci ƙunshin da ya gani abinci ne suka ƙoshi da shi, sai ya raɗa musu suna daga kalmar Jamusanci mai nufin kiwon ƙiba. Kuskure ne, amma sunan ya zauna, har Larabci ya bi sahu da badina, wato mai ƙiba. A yawancin yaran da aka bincika, ana samun sauyi a ƙwayar halitta mai suna KIT, wadda ke sarrafa hayayyafar waɗannan ƙwayoyi. Sauyin yakan auku ne a fatar yaron kanta, ba daga abin da uwa ta ci ko ta yi kwaɗayinsa lokacin ciki ba.

Kamanni da alamu

Galibi ana haihuwar yaro da shi, ko ya fito cikin watanni 3 na farko. Yawanci ɗaya ne, bai wuce 3 ba. Idan suka fi haka, likitoci na sanya su a wani rukuni na cutar. Faɗinsa kan kama daga santimita 1 zuwa 5, a gadon baya, ƙirji, wuya ko hannu, kuma samansa na da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. A farar fata yana ɗaukar launin ɗorawa ko ja-ja. A baƙar fata sai dai a ga wurin ya fi sauran jiki duhu, jan kuma ba ya fitowa sosai, shi ya sa hannun uwa ke riga idon likita gane shi: ita ce ke jin wurin ya yi tauri da ɗumi bayan wanka.

Babbar alamarsa ita ce idan aka goge shi, cikin 'yan mintuna sai ya tasa, ya yi ƙaiƙayi, kewayensa ya kumbura kamar borin jini. Ana kiran wannan alamar Darier, da sunan wani likitan fata Bafaranshe. A jarirai har bororo yakan yi, mai ruwa a ciki, kamar an ƙona wurin, ya fashe ya bushe, ya sake tasowa a daidai inda ya yi a baya. Wannan maimaici a wuri ɗaya ne ke raba shi da ƙurajen zafi da cizon sauro. Wani lokaci histamin ɗin kan bi jini, fuska ko jiki duka ya ɗau zafi, yaro ya yi ta kuka. Amai, gudawa, shessheƙar numfashi ko suma ba kasafai ake ganinsu ba, amma idan suka zo, a garzaya asibiti nan take.

Abin da ke tayar da shi

Gogayya da zafi ne kan gaba, kuma nan ne renon jariri irin namu ke cin karo da cutar. Wanka da ruwa mai zafi, gasa jiki da tsumma, murza yaro da man riɗi, majanyin da ya ɗaure daidai kan tabon, duk suna iya tayar da shi, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafin Sudan ke haura digiri 40. Ba sai an daina goyo ko shafa mai ba. A sirka ruwan wanka, a kewaye wurin in ana murza, a sa riga mai laushi ta auduga. Zazzaɓi, fitar haƙori da harbin zuma ma na tayar da shi, haka wasu magunguna: asfirin, ibufurofen, kodin, mofin da wasu na sa barci lokacin tiyata. Don haka duk likitan da zai rubuta wa yaron magani, a gaya masa.

Ganowa da magani

Likitan fata kan gane shi da ido da kuma shafa wurin a hankali. Bai kamata iyaye su riƙa gogawa don nuna wa 'yan barka ba, domin babban tabo na iya sakin histamin da yawa a lokaci guda. Idan da shakka, akan yanki ɗan ƙaramin sashe na fatar a duba a madubin likita, ko a auna sinadarin tiriftes, wanda ƙwayoyin mast ke saki, a jini.

Tabon da ba ya damun yaro ba ya buƙatar komai. Mai ƙaiƙayi ana ba shi maganin da ke toshe histamin, irin su setirizin, gwargwadon nauyinsa da watanninsa, wani lokaci da man shafawa mai kotizon na ɗan lokaci. Bororon da ya fashe a tsabtace shi a rufe, kada ƙwayoyin cuta su shiga. Tsaga, ƙaho da sakiya ba su da gurbi a nan, sai dai su tsokano kumburin su bar tabon da ba ya ɓacewa. Tiyatar cire shi ana ajiye ta ne ga wanda ya ƙi lafawa da magani. Bororo kan daina fitowa wajen shekara 2 zuwa 3, tudun kuma ya riƙa kwanciya a hankali, wani lokaci ya bar ɗan duhu a wurin.