Ƙona filin kiwo ba ya ƙara wa ƙasa taki

An daɗe ana cewa toka ce ke sa ciyawar da ta tsiro bayan wuta ta fi ƙosar da dabbobi. Ba haka abin yake ba. Yawancin sinadarin naitirojin da ke cikin busasshiyar ciyawa yana bin hayaƙi ne, kuma da naitirojin ne tsiro ke gina furotin. Toka tana mayar wa ƙasa da sinadaran fotasiyam da kalsiyam, amma dama daga ƙasar suka fito.

Sirrin yana ga ƙuruciyar ganyen. Tsohuwar ciyawa furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, alhali tumbin saniya na buƙatar kusan kashi 7 kafin ya narkar da abinci sosai. Sabon toho yakan haura kashi 10, ga taushi. Sai dai wannan fifiko na 'yan watanni ne, da ciyawar ta girma ya wuce.

Toho kuma daga abincin da saiwa ta ajiye yake fitowa, saboda haka ciyawa mai daɗewa ce kawai ke yinsa. Wadda ke mutuwa duk shekara, in an ƙone ta, an yi asarar abincin rani, har da wani ɓangare na irinta.

A ƙona lokacin da ƙasa ke da danshi, iska kuma ba ƙarfi, bayan an share layin tare wuta. Kada a saki dabbobi sai tohon ya kai kamar santimita 15, domin kiwo da wuri yana ƙarar da saiwa. Fili ɗaya a bar shi shekara 3 zuwa 4 kafin a sake ƙona shi.