Waiwaye: Tun kafin a rufe iyaka gandu ya saki samarin Maradi

Duk sanda aka taso da maganar samarin Maradi da ba su lakwal kuma ba su da sana'a, a rediyo ko wajen taro, bakin mutane ɗaya ne: rufe iyakar Nijar da Najeriya ya jawo. An ji jiki kam. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, ga cire tallafin mai a Najeriya da ya karya 'yan ruwa-ruwa (masu sayar da fetur ɗin sumoga) da dama. Amma saurayin da ke fada a unguwar Bagalam ko Zariya cikin Maradi yana jiran shayi na uku, matsalarsa ta girme shi.

Farkon labarin sananne ne. Bayan ambaliyar 1945 gari ya hau tudu, gyaɗa ta yi kuɗi, alhazai 'yan kasuwa suka bunƙasa. Sai farin 1973 da 1974, yunwar 1984, da karyewar darajar sefa a 1994.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne wargajewar gandu. A da, saurayin ƙauye ba ya neman aiki, a cikin aiki aka haife shi. Yawancin kwanakin mako yana gonar gandu, sauran yana 'yar gamanarsa, wato gonar da aka yanka masa, abin da ya samu a can nasa ne. Maigida kuma akwai nauyi a kansa: ya ciyar da gida da damina daga rumbun gandu, ya biya haraji, ya yi wa yaro auren fari. Wato ci da jari da koyon aiki duk a hannu ɗaya suke, kuma kuɗin gyaɗa ne ke riƙe da wannan alkawari. Da fari ya wuce, cutar da darɓa ke yaɗawa ta auka wa gyaɗa a 1975, ba ta sake komawa yadda take ba. Maigidan da ya kasa yi wa ɗansa aure, da wane baki zai tsare shi a gona?

Ƙasar ma ta ƙare. A kudancin jihar, wajen Madarumfa da Gidan Runji, dajin da za a sara ya ƙare, gado kuma sai daɗa tsinka gonaki yake. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3.4 a jihar Maradi, binciken lafiya na shekarar ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya takwas ko fiye a matsakaici. Gonar da ta riƙe kaka ba ta isar jikoki. Gamanar mata da ta samari ce aka fara janyewa, abin da masu tsara tallafi, a ganina, har yau ba su ba shi muhimmancinsa ba.

Lakwal ta ƙaru, har jami'a an buɗe a Maradi a 2010, amma ba ta gaji nauyin maigida ba. Na ɗan lokaci fataucin bakin iyaka na Ɗan Isa da Jibiya ya rufe ɓarakar: dako, kabu-kabu, zama yaron shagon alhaji. Shi ya sa rufe iyaka ya yi zafi haka.

Yanzu cibiyoyin koyon sana'a na horar da matasa ɗinki, walda da gyaran babur. Yaro na fitowa da takarda, wani lokaci har da keken ɗinki. Wanda zai ciyar da shi kafin ya yi masu kawo masa aiki, ya biya masa hayar shago, shi ne babu a yawancin tsare-tsaren. Sai a sayar da keken, a yi kuɗin mota zuwa Kano ko wajen haƙar zinariya a arewacin Agadas.