Kallon tsuntsaye a fadamun Zariya: abin da doka ta halatta da abin da ta haramta

Daga watan Maris zuwa Mayu, wato lokacin bazara, fadamun Zariya kan karɓi baƙi masu tafiya da masu isowa. Tsuntsayen da suka ci rani a ƙasarmu, irin su tsattsewar Turai, suna tara ƙiba domin su ƙetare Sahara su koma inda suke yin ƙwai, a daidai lokacin da shamuwa ke isowa daga kudancin Afirka tana neman bishiyar da za ta ɗora sheƙa kafin ruwa ya sauka. Wannan ne ya sa akan ga ɗalibai da malamai da sassafe a bakin madatsar Kubanni a Samaru, ko tafkin Bomo, ko gaɓar kogin Galma, riƙe da madubin hangen nesa da ɗan littafin rubutu. Da yawansu ba su san matsayinsu a gaban doka ba, haka ma manoma da mafarautan da suke haɗuwa da su a can.

Babu wata doka a Nijeriya da ta ce sai da lasisi mutum zai kalli tsuntsu, ko ya ƙirga shi, ko ya ɗauki hotonsa a fadamar da ba a killace ba. Doka ba ta da magana da ido; maganarta tana farawa ne daga lokacin da hannu ya shiga, wato kamu, da kisa, da ajiya, da ciniki.

Dokoki biyu ne ginshiƙin wannan batu. Ta farko ita ce Dokar Namun Daji ta 1963, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a Kaduna, jihohin da aka ƙirƙiro daga baya kuma suka gada. Ita ce ta kasa namun daji kashi-kashi gwargwadon kariyar da aka ba su, ta kuma tsara batun lasisin farauta. Ta biyu ta tarayya ce, an kafa ta a 1985 a zamanin mulkin soja a matsayin doka mai lamba 11, domin cika alkawarin da Nijeriya ta ɗauka a yarjejeniyar CITES ta 1973 game da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Dokar 1985 ita ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ko da yake sunanta yana nuni da ciniki tsakanin ƙasashe, hukuncinta ya hau kan wanda bai taɓa fita daga Zazzau ba. Tana da jadawali na ɗaya, wanda halittun da ke cikinsa an haramta farautarsu da kamunsu da cinikinsu ɗungurungum, sai jadawali na biyu, wanda ba a taɓa abin da ke cikinsa sai da lasisin minista. Aku, da shaho, da shirwa, da gaggafa, da ungulu, da gauraka, da jimina duk suna ƙarƙashin kariyar wannan doka. Ma'anar haka ita ce, mutumin da ya sayi gauraka ya sake ta a tsakar gidansa don ado, kamar yadda wasu masu hali suke yi, ba ya kuɓuta da cewa ai ba shi ya kamo ta ba, tunda dokar ta haɗa da saye da mallaka. Abin takaici ne a ce gauraka, tsuntsuwar da ake ɗauka a matsayin alamar Nijeriya, yanzu an fi ganinta a gidajen mutane fiye da a fadama.

Tarar da aka sa a 1985 ga wanda ya taɓa abin da ke jadawali na ɗaya a karon farko naira 1,000 ce, kuɗin da a yau ba zai sayi ko ɗan tsako mai kyau ba. A 2016 aka yi wa dokar gyara, tarar ta koma naira miliyan 5, wanda ya maimaita laifin kuma ɗaurin shekara guda ne ba tare da zaɓin biyan tara ba.

Akwai wani sashe na dokar da ya shafi hanyar kamu, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da abin da ke faruwa a karkararmu. An haramta amfani da guba ko abinci mai guba, da wuta, da farautar dare, da bin dabba da mota, da duk wata dabara mai hallaka dabbobi da yawa lokaci guda. Wanda ya san fadama ya san yadda abin yake: a jiƙa hatsi da maganin ƙwari a watsa a bakin ruwa da yamma, da safe a zo a tsince dinya da kirinjijiya a kwance, a fige, a kai kasuwa. Mai sayen naman bai san abin da ya ci ba, ungulun da ta sauka kan wanda aka bari kuwa ta mutu a wurin. Haka nan cinna wa ciyawa wuta don koro ɓera ko gafiya ya saɓa wa ƙa'idojin ƙona daji na 2011 na hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, waɗanda suka hana ƙona daji don farauta. Ɓarnar irin wannan wuta ta fi tsanani ga tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa, irin su fakara da yautai, domin uwa tana iya tashi amma ƙwai ba ya tashi.

Ita kanta fadamar tana da tata kariyar. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar dausayi da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma wurin farko da ta yi wa rajista shi ne tafkin Nguru, a cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Fadamun Zariya ba su cikin wannan rajista, amma ƙa'idojin NESREA na 2009 a kan dausayi da gaɓar koguna da tafkuna sun shafi ƙasar baki ɗaya.

Sai batun ƙasa, wanda a nan ne mai kallon tsuntsaye ya fi saurin shiga rigima. Fadama a bazara ba fili ba ce marar mai shi. Kusan kowane taku akwai mai noman rani da ya zuba albasa ko tumatir ko rake. Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, amma hakan bai ɗauke wa manomi haƙƙinsa a kan gonarsa ba. Kundin Hukunta Laifuffuka na Jihar Kaduna na 2017 ya ɗauki shiga gonar wani da niyyar aikata laifi, ko tsoratar da shi, ko ɓata masa rai a matsayin laifi, wanda ya tattake shuka kuma ana iya bin sa diyya. A yi sallama, a faɗa wa mai gona abin da ya kawo mutum, idan ayari ne a fara da gaishe da mai unguwa. A irin yanayin tsaron da ake ciki, baƙon da ya laɓe a bayan ciyawa da madubi a ido ba lallai ne a fara zaton tsuntsu yake kallo ba. Madatsar Kubanni kuwa a cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, don haka ƙa'idojin jami'ar ne ke aiki a can.

Hukunci yakan canja a gandun daji na ƙasa, kamar Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya samu wannan matsayi a 1999. A can shiga kanta sai da izinin hukumar gandun, kuma ba a fita da ƙwai ko sheƙa ko wani abu na gandun. Zariya kuma gari ne na barikin soja da kwalejin horon matuƙan jirgin sama, saboda haka ba a juya kyamara wajen wuraren tsaro, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren da aka keɓe ba da izini ba. Wanda yake so ya ɗauki hoton garken tsuntsaye daga sama da ƙaramin jirgi marar matuƙi, tun 2016 ake buƙatar ya samu izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin ya tayar da shi.