Waiwaye: Yadda zanen Kirchner na titin Balin ya koma Niyok

A watan Nuwamba na 2006 aka yi gwanjon wani zane a kamfanin Christie's da ke Niyok, aka saye shi a kan kusan dala miliyan 38. Watanni kaɗan kafin nan yana rataye ne a gidan adana zane-zane na Brücke a Balin, kuma har yau wasu Jamusawa ba su huce da fitarsa ba.

Mai zane ɗan Jamus Ernst Ludwig Kirchner ne ya zana shi a 1913. Shi da abokansa uku, dukkansu ɗaliban zanen gine-gine, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Brücke a Dresden a 1905. Da ya koma Balin a 1911, birnin ya ɗauke masa hankali: cunkoso, hayaniya, da mutanen da ke gogar kafaɗar juna ba mai ce wa wani sannu. A zanen, mata biyu masu zaman kansu sun sha ado da huluna masu gashin tsuntsu suna ratsa taron maza masu baƙaƙen kwat, dawakan keken doki na bayansu. Ya miƙe jikkunan sun yi zalo-zalo, fuskokin kamar an sassaƙa su da wuƙa, titin kuma ya karkace. Mai kallo sai ya ji ƙuncin wurin a ƙirjinsa.

Zanen ya shiga hannun Alfred Hess, Bayahude mai masana'antar takalma a Erfurt, wanda ya rasu a 1931. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, iyalinsa suka kai tarin zane-zanensu Suwizalan. Amma a 1936 aka aika wannan zane zuwa Kolon da ke Jamus, inda wani mai tara zane, Carl Hagemann, ya saye shi. Matar marigayin, Tekla, ta yi rantsuwa daga baya cewa 'yan sandan ciki na Gestapo ne suka matsa mata ta dawo da kayan Jamus. Shi kansa Kirchner bai tsira ba. A 1937 aka kwashe ayyukansa sama da 600 daga gidajen tarihi da sunan gurɓataccen zane ne, a Yunin 1938 ya kashe kansa kusa da Davos a Suwizalan.

Gwamnatin Balin ta sayi zanen a 1980. Sai yarjejeniyar Washinton ta 1998 ta zo, inda ƙasashe 44 suka amince a nemi mafita ta adalci kan kayan da aka raba Yahudawa da su. Jikar Hess da ke Ingila ta nemi haƙƙinta. Balin ta kasa kawo shaidar cewa Tekla ta sayar da yardarta kuma kuɗin sun shiga hannunta, don haka aka mayar wa jikar da zanen.

Masu suka sun ce kasuwancin Hess ya durƙushe tun kafin zuwan Hitila, wato talauci ne ya sa aka sayar. Ni dai wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Bayahudiyar da ke ciniki a Jamus ta 1936 ba ta da bakin cewa a'a. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne hukumomin birnin ba su tara kuɗin da za su biya magajiyar domin zanen ya zauna a garin da aka zana shi ba. Yanzu yana gidan Neue Galerie na Ronald Lauder a Niyok.